Anti yaya kinka fara wanga aiki na kaunsilin, kuma mi kuke yi in an rufe ƙofa?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi nan Sakkwato. Tun ina sakandare ƙawayena ni suke kawo ma matsalolinsu, har tsokanata suke suna ce min uwar marayu. Ina son in yi irin aikinki amma ban san ta ina ake farawa ba. Ke yaya kinka fara? Kuma in mutum ya zo gunki mi kike yi mai, shawara kawai kike ba shi ko akwai wani abu? Babana cewa yake wanga aikin Turawa ne, musulmi haƙuri da addu'a sun ishe shi."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi yi albarka. Tambaya uku kinka dunƙule wuri guda, ta ina ake shiga, mi ake yi a cikin ɗakin, sannan maganar Baba. Zan taɓa su duka amma ki sani ta tsakiyar ita zan fi daɗewa a kai don nan aikin yake. Kuma ki gaida min Baba, ki ce mai ba shi kaɗai ba ne, ni ranar da na gaya ma mahaifina Allah shi jiƙan shi cewa zan karanta kaunsilin, wato taimaka ma masu damuwa ta hanyar zama a yi magana, shiru ya yi can sai ya ce to wace mazaɓa za ki tsaya, shi a zaton shi kansila nike son zama ta ƙaramar hukuma. Har ya rasu in baƙi sun tambaye shi aikina cewa yake tana sauraren mutane ne ana biyanta, kuma wallahi duk karatun da na yi ban samu fassarar da ta fi wagga ba.

Yadda na tsinci kaina ciki

Ni ma ta hanyar koyarwa na biyo kamar ke. Na yi NCE a kwalejin Shehu Shagari, anka tura ni wata makarantar kwana ta 'yan mata da ba zan faɗi sunanta ba, ina koyarwa kuma ina taimaka ma matiron da dare. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da take yawan faɗuwa, musamman bayan magariba, ta sandare tana ihu, da ta faɗi sai wasu biyu ko uku su bi ta, kin dai san yadda abin yake a makarantun 'yan mata, nan take a ce mutanen ɓoye ne sun shigo hostel. Anka yi ruƙiyya, anka yi hayaƙi, ta lafa kwana biyu ta dawo. Wata rana ta same ni ni kaɗai a ofis, ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen hijabi, ta ce Malama ni ba na son a yi hutu. Kin ji maganar fa. Yarinyar da duk 'yan uwanta ke ƙirga kwanaki su tafi gida ita tana cewa ba ta son hutu. Ni kuma mi na yi? Na zaunar da ita na buɗe mata wa'azi, na ce gida ai gida ne, iyaye ba a fushi da su, ki yi haƙuri, kowa da irin jarrabawar shi, na kawo aya na kawo hadisi, kusan rabin awa ni kaɗai ke magana. Ta ce to Malama na gode, ta tashi. Anka yi hutu, anka dawo, ba ta dawo ba.

Daga baya ne wata ƙawarta ta tsegunta min abin da ke faruwa da ita a gidan da take riƙo, abin da ba zan rubuta a nan ba. Ta zo bakin ƙofata ɗauke da shi, ta buɗe baki, ni na rufe mata shi da haƙuri. Duk abin da na gaya mata gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya, amma ban tambaye ta mi ya sa ba ki son hutu ba, kalma bakwai kacal. Wanga abu ya daɗe yana cina, shi ya kai ni jami'ar Danfodiyo na yi digiri a ɓangaren ilimi na karkata ga gaidans an kaunsilin, na dawo na yi mastas, sannan na yi ta bin kwasa-kwasai na horo da zama ƙarƙashin waɗanda sunka riga ni, don takarda kaɗai ba ta koya miki yadda za ki zauna gaban mutum yana kuka ki iya riƙe bakinki.

Tunda ta ina ake farawa kinka tambaya, bari in raba miki mutane uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wanga fanni, shi ke rubuta magani, irin su ne za ki samu a asibitin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke Kware da asibitin koyarwa na Danfodiyo. Akwai masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ya karanta saikoloji ya yi mastas a ɓangaren asibiti, yana gwaje-gwaje yana jinya ta hanyar magana. Sai mu masu kaunsilin, yawancinmu a ƙasar nan ta tsangayar ilimi munka fito, muna da ƙungiya ta ƙasa da ake ce ma CASSON. Ke da ke karatun NCE hanyar da ta fi miki kusa ita ce ki cike dairek entiri ki shiga digiri, in kuma zuciyarki na ga aikin asibiti ne to saikoloji za ki nema tun farko. Ban da waɗannan akwai nas-nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa da ma'aikatan walwalar jama'a, kuma gaskiya su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin a asibitocinmu.

Abin da ke faruwa cikin ɗakin

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, yawanci sau ɗaya a sati. Abu na farko da nike yi bayan gaisuwa, kuma gaisuwar nan ba na gajarta ta, sai mun yi ina kwana ina gajiya ya gida ya yara ya zafi, don Bahaushe ba ya buɗe cikinsa ga wanda bai gaisa da shi ba, shi ne in gaya ma mutum maganar sirri. Abin da ka faɗa nan, nan zai tsaya, mijinki ba zai ji ba, uwarki ba za ta ji ba, ko da su sunka biya kuɗin. Amma ina faɗin iyakar tun ranar farko, in na ga ranka na cikin haɗari, ko kana shirin cutar da wani, ko ana cutar da ƙaramin yaro, to dole mu sa wani ciki kuma da saninka za a yi. A garin da kowa ya san kowa irin Sakkwato wanga ba ƙaramin abu ba ne, sau nawa ina haɗuwa da wadda nike gani a wajen biki ko suna mu wuce juna kamar ba mu taɓa haɗuwa ba, sai in ita ta fara gaishe ni. Annabi SAW ya ce wanda anka nemi shawararsa amana anka ba shi, ni a kan wanga hadisi na ɗora ofishina.

Sannan ki sani da wuya mutuminmu ya shigo ya ce ina da ciwon damuwa. Abin da za ki ji shi ne, zuciyata na bugawa, kaina na ɗaukar zafi, wani abu na min yawo a jiki, ƙirjina ya yi nauyi, ba ni barci, na sha maganin maleriya da taifot har na gaji. Jiki ke magana a madadin zuciya saboda ciwon jiki ba abin kunya ba ne, na zuciya kuwa sai a ce ba ka da tawakkali. Ni kuma ba na gaggawar cewa damuwa ce, sai na tambaya an auna jininki, an duba hawan jini da suga, an duba maƙoshi, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙoshi da ake ce ma tayirod suna iya kawo kasala da bugun zuciya sak irin na fargaba. In ba a duba ba asibiti nike fara turawa. Abin da ke sa in fara zargin ciwon damuwa na gaske shi ne in baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai sati biyu ko fiye kusan kullum, ga barci ya lalace, ci ya canza, mutum ya daina abin da ya saba, yana ganin kansa ba shi da amfani.

Daga nan sai saurare, kuma nan ne ke da kinka saba ƙawaye na kawo miki matsala za ki sha mamaki, don abin da kike yi musu yanzu mai yiwuwa shawara ce, ki rabu da shi, ki gaya ma Mama, ki share. Mu kuwa abu na farko da ake cire mana a horo shi ne wanga ƙaiƙayin baki na ba da shawara. Wani Ba'amurke Carl Rogers, wajen shekarun 1940 zuwa 1950, shi ya tsaya kai da fata cewa abin da ke warkarwa a zaman nan shi ne mutum ya samu wanda zai ji abin yadda shi mai abin ke jinsa, ya karɓe shi ba tare da yanke mai hukunci ba, kuma ba fuska biyu. Da na fara karanta shi na raina abin, na ce wanga ai kowace tsohuwa ta iya, sai da na gwada yin shiru na minti ɗaya cur gaban mace tana hawaye na gane aiki ne. Mu an tashe mu da cewa in mutum na kuka ka ce mai yi haƙuri, yi shiru, ya isa, kuma sau da yawa don kanmu muke faɗa, kukan ne ya dame mu muke so ya tsaya. A ɗakina akwai kwalin tishu da ruwan sanyi, in ta fara sai in matsar mata da su in bar ta. Maganar gaskiya takan fito ne bayan kukan, ba kafin shi ba.

In labari ya fito sai mu shiga aiki, don saurare kaɗai ba ya isar kowa. Hanyar da na fi amfani da ita ita ce wadda wani likita Ba'amurke Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, ana ce mata CBT, ma'anarta a taƙaice tunani da yanayin zuciya da aiki sarƙe suke da juna, in ka taɓa ɗaya sauran sun motsa. Bari in ba ki misali, na canza bayanan yadda ba mai gane ta. Wata matar aure anka yi mata kishiya, ta daina ci ta daina fita ta daina kitso, kullum tana ɗaki. Da munka bi diddigi abin da ke maimaita kansa a kanta shi ne, da ina da amfani da bai ƙaro ba, kowa dariya yake min. Ban ce mata ƙarya ne ba, ban kuma ce gaskiya ne ba, na ce mu ɗauki maganar mu kai ta kotu, wa da wa kinka ji sun yi dariyar, da kunnenki. Ta yi shiru ta ce mutum ɗaya. Sauran fa? Sai ta fara lissafa waɗanda sunka zo sunka zauna da ita ranar ɗaurin auren. Sannan munka yi yarjejeniya kan ƙananan abubuwa, wanga sati za ki yi wanka ki yi kwalliya kafin azahar ko ba kya so, za ki leƙa maƙwabciya sau biyu, sati na gaba ki koma islamiyya. Mai ciwon damuwa jira yake sai ya ji daɗi sannan ya motsa, alhali motsin ne ke jawo jin daɗin. Kishiya dai tana nan ba ta tafi ko'ina ba, zafin ma bai gushe duka ba, amma matar ta koma sana'arta ta dambun nama tana barci.

Abin da ba na yi shi ne in yanke ma mutum hukuncin rayuwarsa. Kusan kowane sati sai an tambaye ni, Anti in zauna ko in fita? Ba ni zan kwana a gidan ba, ba ni zan koma gaban iyayenta da yara huɗu ba. Sai dai mu baje abin a faifai, in kin zauna mi zai biyo baya, in kin fita ina za ki, wa ke bayanki, mi kike da shi a hannu. In akwai duka ko barazana ga rai to nan kam ba na ɓoye ra'ayina, maganar tsira muke fara yi kafin komai.

Kuma ina tambaya kai tsaye, kin taɓa jin gara ki mutu, kin taɓa tunanin kashe kanki? Sabbin shiga na tsoron wagga tambaya suna ganin kamar za su sa ma mutum tunanin, ba haka ba ne, wanda abin ke ransa sauƙi yake ji an tambaye shi ba a zabura ba. In ya ce eh kuma har ya tanadi hanya, ranar ba ya komawa gida shi kaɗai, sai an kira wani nasa an raba shi da abin da ya tanada an kai shi ga likita.

Wani abu da littattafan Turawa ba su shirya ni a kansa ba shi ne dangi. Su a can mutum ɗaya ke shiga ɗaki, mu nan yarinya za ta zo da uwa da gwaggo, matar aure sai da izinin miji, wani lokaci shi zai kawo ta ya ce a gabansa za a yi. Na koyi in karɓe su duka da mutunci, in saurari babba tukuna don in ka tsallake shi gobe ba za a dawo ba, sannan in roƙi alfarmar minti ashirin da ita kaɗai. Ga kuma kunya, mace ba za ta faɗi sunan mijinta ba balle abin da ke tsakaninsu, sai ki iya jin "shi" da "abin nan" ki gane. Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka a asibitin Aro ta Abeokuta, inda ya riƙa zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu maimakon a kulle su.

Yanzu kuma ga waɗanda rikicin 'yan bindiga ya koro daga gabashin jiha, Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo. Wanda ya kwana a daji hannun mutanen nan, ko ya ga an kashe nasa, za ki ga ƙarar babur kawai na sa shi zabura, ga mafarkai, ga rashin barci. Irin su ba a cewa ba ni labari tun daga farko, tono shi da gaggawa na iya ƙara rauni. Ana fara da abin da zai kwantar da jiki, jan numfashi a hankali a sake shi a hankali, barci, sanin cewa yau akwai abinci da wurin kwana. Wani lokacin ma abin da mutum ke buƙata ranar buhun gero ne da wanda zai karɓi ɗansa a makaranta, in kinka tsaya yi mai CBT kin yi wauta.

Maganar Baba

Baba bai yi kuskure ba da ya ce haƙuri da addu'a, ni ma da su nike aiki, mutane da yawa azkar da tsayuwar dare da sauraren Alƙur'ani su ne igiyar da ke riƙe da su kuma ba na taɓa ta, ƙarfafa ta nike yi. Inda zan roƙe shi ya duba shi ne, Annabi Yaƙub AS ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa sunka yi fari, kuma shi ne mai haƙuri mai kyau. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib sunka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki. Annabi SAW ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Batun kuma na Turawa ne, malamin musulmi Abu Zaid al-Balkhi wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, a ciki ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo ma mutum ba dalili, har ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata, kusan shekara dubu kafin Beck ke nan. Nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, Nana Asma'u kuma da ta rasa Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo ba ta haɗiye ba, ta zuba baƙin cikinta cikin marsiyya, kuma matan ƙauye sun riƙa tahowa gunta ta hannun jajis, wato matan da ke jagorantar ɗaliban ƙungiyarta ta 'Yan Taru. Ki kai mai waɗannan cikin ladabi, kada ki je da gardama.

Ni ba na hana kowa zuwa ruƙiyya, akwai malaman da muke fahimtar juna har su kan turo min mutum in sun ga abin ba nasu ba ne. Abin da nike yaƙi da shi shi ne ɗaure mutum da mari, da duka, da hana shi maganin asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da anka sa ma hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo da maganar haƙƙin marasa lafiya, sai dai aiwatarwa ce har yanzu da saura.

Inda hannuna ba ya kaiwa

Ba na rubuta magani ko da fanadol ne. In mutum na jin muryoyi, ko yana ganin ana bin shi, ko ya kwana uku ba barci yana ta surutu da rabon kuɗi, ko mai jego ta rikice bayan haihuwa tana ƙin jaririnta, ko saurayi ya yi nisa a tiramol da kodin wanda tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai shi amma bai ɓace ba, wanga na likita ne, nawa ya biyo baya. Matsalar sunan Kware ya zama abin tsokana a garin nan, da kin ce Kware sai a ce Anti mahaukaci kinka mai da ni, sai na zauna na yi bayani cewa mutane da yawa zuwa suke su ga likita su karɓi magani su koma gida ranar, kuma maganin damuwa yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa don haka kada a yar da shi a kwana biyar. Akwai kuma waɗanda na yi iya yina ba su samu sauƙi a hannuna ba, wasu sun zo sau ɗaya ba su dawo ba, wasu miji ya hana.

Ki shirya ma nauyin abin kuma. Akwai daren da nike komawa gida in kasa cin tuwo saboda abin da kunnena ya ji, shi ya sa har yau ina da babbar da nike zama da ita lokaci lokaci in sauke, ba tare da ambaton sunan kowa ba, kuma na daina ɗaga waya bayan isha'i sai in na san akwai wanda ke cikin haɗari. Kuɗi kuma kada ki sa rai da yawa da farko, mutanenmu za su biya dubbai a kemis amma biyan kuɗi don a yi magana na yi musu wuya, yawancinmu da albashin makaranta ko asibiti ko ƙungiyoyin agaji muke tafiya.

Kafin ki gama NCE ga aikin gida. In ƙawarki ta gaba ta zo da matsala, ki riƙe shawararki minti goma, kada ki ce yi haƙuri, kada ki ce ni ma haka ta faru da ni, ki ce mata kawai sai mi ya faru, mi ya fi yi miki zafi a ciki, in ta gama ki maimaita mata abin da kinka ji ki tambaye ta haka ne ko na kuskure. In ta ambaci mutuwa ko cutarwa kada ki riƙe shi ke kaɗai, ki nemi babba. Ki gwada da mutum uku sannan ki sake rubuto min ki gaya min a minti na nawa bakinki ya fara ƙaiƙayi.